Sistoci biyu da fitilar ɗakin kwana: yadda muka haɗa fim ɗin a zaren milimita 16

Babi na 22 na dokar zaman zuhudu da Benedikt na Nursiya ya rubuta a ƙarni na 6 ya ce kowa ya kwana a gadonsa shi kaɗai, da tufafinsa a jiki, ɗamararsa a ɗaure, fitila kuma ta kwana tana ci a ɗakin har gari ya waye. Maza ya rubuta wa, amma gidajen sistocin Katolika da dama a Turai sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin ta. A kan wannan fitila muka gina gajeren fim na minti 11, baƙi da fari, a zaren fim mai faɗin milimita 16. Sista ce take son 'yar'uwarta sista, a gidan da ko dogon kallo laifi ne. Babu wanda ya buɗe baki a cikinsa, babu kuma labari mai farko da tsakiya da ƙarshe irin na finafinan kasuwa. Fim ne na gwaji, haske da sauti da jerin hotuna su ke ɗaukar nauyin da hira ke ɗauka a sauran finafinai.

Da karatu muka fara, kuma dokoki muka fi karantawa. Katangar gidan sistoci don hana maza shiga aka yi ta. Babban taron shugabannin cocin Katolika na Trent ya tsananta kullen sistoci a 1563, Paparoma Pius na 5 ya ƙara ɗaure shi a 1566, har ya zama sista ba ta ganin mahaifinta sai ta bayan tagar ƙarfe. To amma akwai wasu dokokin da ba ruwansu da namiji. Fitilar dare na ciki. Wasiƙar da Agustin na Hippo ya aika wa wasu sistoci wajen shekara ta 423 ta ja musu kunne cewa ƙaunar da ke tsakaninsu ta kasance ta ruhu, kada ta zama ta jiki. Teresa ta Avila, wadda ta buɗe gidanta na farko a 1562 ta kuma ƙayyade mazauna cikinsa su 13, ta yi gargaɗi a kan sista ta ware wata guda ta riƙe ta aminiya. Akwai tsohuwar ƙa'idar nan ta Latin da ake koya wa masu shiga zuhudu, wadda ke cewa kada a keɓe mutum biyu, a riƙa zama uku. Akwai kame ido, wato tafiya da kai a sunkuye. Akwai babban shiru daga bayan addu'ar dare har zuwa safe. Duk wanda ya jera waɗannan zai ga abin da masu rubuta su ke tsoro, ko da ba su ambaci maɗigo da sunansa ba. Koyarwar cocin ta yau, kamar yadda take a littafin katikizim na 1992, ta haramta aikin, ta kuma ce a karɓi mutanen da mutunci da tausayi. Ita sista dama ta yi alkawarin kame kai daga kowa. Bambancin kawai, wadda zuciyarta ke so tana cikin katangar tare da ita, gadonta na nan kusa.

Mun karanta shaidar sistoci da tsofaffin sistoci 'yan maɗigo kimanin 50 da Rosemary Curb da Nancy Manahan suka tattara a Amurka a 1985. Mun kuma duba shari'ar Benedetta Carlini, shugabar wani gidan sistoci a Pescia ta Italiya, wadda aka fara bincika a 1619, daga baya aka zarge ta da alaƙa da wata sista, ta ƙare rayuwarta a kulle har ta rasu a 1661. Wannan labarin mun bar shi, don Su Friedrich ta riga ta yi amfani da takardun shari'ar a fim ɗinta na gwaji a 1987, Paul Verhoeven ma ya mai da shi babban fim a 2021. Abin da muka fi gudu shi ne salon finafinan arha na Italiya na shekarun 1970, inda rigar sista ta zama abin tayar da sha'awar maza 'yan kallo. Haka kuma ba mu yarda a mai da addinin dodo ba. Matan nan biyu sun yi imani da gaske, sallarsu ba ta ganin ido ba ce, kuma idan aka cire wannan daga fim ɗin babu sauran abin da ke matse su.

Wurin ɗauka wani tsohon gidan sistoci ne a arewacin Italiya, wanda ya koma hannun 'yan kasuwa bayan mazauna cikinsa sun ƙare. Irinsu suna da yawa yanzu. Sai dai a duba takarda da kyau. Dokar coci mai lamba 1222 ta yarda a sauke majami'a daga ibada a ba ta wani aiki na duniya, da sharaɗin kada ya zama na ƙazanta, kuma wannan sharaɗi kan biyo ginin har cikin takardar ciniki. Mun rubuta wa mai wurin abin da fim ɗin ya ƙunsa dalla-dalla kafin a sa hannu, muka kuma bar ɗakin sujada gaba ɗaya. Dogon ɗakin kwana, barandar sama, da ɗakin wanki sun ishe mu. Wutar ginin kilowat 3 ce, irin ta gidajen zama a Italiya, don haka manyan fitilun fim ba su ma shigo lissafi ba.

Lissafin zare mai sauƙi ne. Ƙafa ɗaya ta zaren 16 tana ɗauke da firam 40, wato ƙananan hotunan da ke jere a jikinsa. A gudun firam 24 cikin daƙiƙa, minti ɗaya na cin ƙafa 36, minti 11 kuma ƙafa 396, wato daidai abin da faifai mai ƙafa 400 zai ɗauka. Tsawon fim ɗin daga nan ya samo asali. Muka yi kasafin ɗaukar ninki huɗu na abin da zai fito, naɗi 16 kenan masu ƙafa 100, kowanne minti 2 da daƙiƙa 47. Zaren Kodak Tri-X 7266 ne, mai ƙarfin kama haske 200 a hasken rana, 160 a hasken ƙwan lantarki. Irin zaren nan ne da ba ya ba da nagatif: abin da ya shiga kyamara shi ne ake wankewa ya fito hoto sosai, a ɗora shi a majigi. Baƙinsa mai zurfi ne, farinsa mai ƙyalli, amma ba ya yafe kuskuren awon haske.

A nan tufafi suka zama matsala. Kayan sista na kafin babban taron Vatikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, hawa-hawa ne: doguwar rigar ulu, dogon ƙyalle mai ramin wuya da ke sauka gaba da baya, farar hula mai rufe gashi da kunnuwa, ɗan ƙyalle a goshi, farin lilin mai sitati da ke zagaye haɓa ya sauko ƙirji, sannan baƙin mayafi, ga carbi a ɗamara. Farin lilin na mayar da kusan duk hasken da ya sauka a kansa, baƙin ulu kuma na shanye kusan duka. Tazarar da ke tsakaninsu ta kai mataki 5 na buɗin gilashi, kowane mataki kuwa ninki biyu ne na haske. Zaren namu iyakar abin da zai iya riƙewa kenan, ga fuska a tsakiya tana neman nata rabon. Naɗin gwaji ya nuna haka ƙarara: idan aka auna don fuska, lilin ya ƙone ya zama farin fili babu ko alamar ninki, idan aka auna don lilin, mayafi da bango su haɗe su zama rami. Maganin na wurin tela da mai rini. Muka tsoma duk fararen kayan a ruwan shayi mai ƙarfi na minti 10, aka shanya, aka sa sitati aka goge, suka koma ruwan ƙasa-ƙasa. Baƙin ulu kuma muka musanya shi da ruwan toka mai duhu. A ido kayan sun yi kama da na gwanjo, a zare kuwa fari ya fito fari da ninkinsa, baƙi ya fito baƙi da saƙarsa.

Ɗaya daga cikin jaruman biyu baƙar fata ce, kuma da fuskarta muka riƙa yin awo a duk hoton da suke tare, sannan a rage wa ɗayar haske da ɗan yankin raga. Wani abin da ya taimaka shi ne lilin ɗin ƙirji da kansa: yana kama haske ya mayar da shi ƙarƙashin haɓa da cikin idanu, ta yadda ba mu buƙaci allon mayar da haske ba.

Kyamarar Bolex H16 ce mai wani irin na agogo, ba ta amfani da batir. Wani ɗaya yana tura firam kusan 650, wato daƙiƙa 27 zuwa 28, daga nan ta tsaya. Duk hoton da ke fim ɗin bai wuce haka ba, kuma gara a yanke a daƙiƙa 25, don a ƙarshen wanin gudunta kan ragu, firam ɗin ƙarshe su sha haske fiye da kima. Gilashin da ke karkatar da hoto zuwa idon mai ɗauka yana cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hasken, shi ya sa ake saita ma'aunin haske a kan ɗaya bisa 80 na daƙiƙa. Abu uku ake dubawa kafin kowane naɗi. Na ɗaya, ramin da ake zura tacen haske a bayan gilashi: in aka bar shi a buɗe, haske zai lallaɓa ya zana farin layi a zaren duka, don haka a toshe shi a bi da baƙin tef. Na biyu, lanƙwasar zare sama da ƙasan ƙofar hoto: in ta kuɓuce, hoto zai fito yana tsalle da inuwa a tsaye, kuma ana jin canjin ƙarar tun ana ɗauka. Na uku, ƙofar hoton kanta, don ɗan zaren ulu guda daga mayafi in ya maƙale a bakinta zai bayyana a kowane firam.

Wahalar gaske tana ɗakin kwana. Harshen wutar fitilar mai ko kyandir yana ba da kusan luks 1 (ma'aunin ƙarfin haske) a nisan mita ɗaya, kusan 11 a santimita 30. Zarenmu kuwa, ko da gilashin milimita 25 a buɗe har ƙarshe a f/1.4, yana neman wajen luks 250. Fitilar da ake gani a hoto ado ce kawai. Hasken gaske ƙwan lantarki ne mai wat 150, irin na da mai zaren ƙarfe, a cikin ƙwallon takarda, an rataye shi dab da saman firam a ɓangaren da fitilar take, an kewaye bayansa da baƙin ƙyalle don kada ya wanke bango. Fitilun LED masu arha ba su yi ba, suna ƙyaftawa da bugun lantarki, kyamara kuma tana kamawa. Ko da ƙwan, hasken bai kai ba sai da muka sauke gudun kyamara zuwa firam 12, abin da ya ninka hasken da kowane firam ke samu. Kuɗin da aka biya shi ne, idan majigi ya juya a 24, komai zai yi saurin ninki biyu. Sai jaruman suka koyi yin kowane motsi da rabin saurinsa: juya kai, ɗaga hannu, har ƙyafta ido. Abin da ya fito a allo tafiya ce mai saurin mutane amma babu sakin jiki a cikinta, kowace gaɓa a riƙe. Da gangan ba za mu iya koya wa jaruma wannan ba, kuma ya dace da mutanen da aka horar su riƙe jikinsu. Harshen wutar ne kaɗai ya ƙi ba da haɗin kai, yana rawa da sauri fiye da yadda ido ya saba, sai muka sa masa gilashin fitila muka rufe tagogi.

A f/1.4, daga nisan mita ɗaya, abin da ke fitowa tar bai wuce zurfin santimita 7 ba. Idan ido ya fito, kunne ya dushe. Awo da tef ake yi daga alamar da ke jikin kyamara zuwa idon jaruma, a manna alama a ƙasa, ta kuma san ba ta da izinin matsawa ko kaɗan.

Ƙa'idar mutum uku ita ta tsara mana firam. Hoton milimita 16 kusan murabba'i ne, faɗi huɗu tsawo uku, ba shi da filin da za a baza mutane. Duk inda matan biyu suke, akwai sista ta uku a gefe: kafaɗarta, bayan mayafinta, ko hannunta da carbi. Ba ta yin komai, ba ta ma kallonsu. Tun da aka hana kallo, sai ya zama ɗaga ido sau ɗaya babban al'amari ne, kuma a fim ɗin duka sau uku kacal idanunsu suka haɗu. A ɗakin wanki suna ninke zanen gado, kowacce riƙe da gefe biyu, su tako su haɗu a tsakiya, yatsu su taɓa, su ja baya. Wannan taɓawa aikin gida ne, babu dokar da ta hana ta.

Zuciyar fim ɗin sa mayafi ne da asuba. A gidaje da yawa ba a ajiye madubi, don haka muka sa ɗaya ta ɗaura wa ɗayar. Wata dattijuwa da ta taɓa zaman zuhudu ta nuna mana yadda ake yi: hula tukuna, a ja igiyarta a ɗaure a ƙeya, sai ƙyallen goshi, sai lilin ɗin haɓa a ɗaga shi ta gefen kumatu a soke a tsakar ka, sannan mayafi, allura ɗaya a sama, ɗaya a kowane gefe. Masu kai ne allurai, kuma mai ɗaurawa kan riƙe su a leɓenta. Muka raba aikin gida bakwai saboda wanin kyamara, aka rubuta kowane motsi a takarda, jaruman biyu suka amince da shi kafin ranar, aka kuma fitar da kowa daga ɗakin sai mai kyamara da mai awo. Da gilashin milimita 75 muka ɗauki na kusa: babban yatsa yana tura gashin da ya leƙo ya koma ƙarƙashin hula, ya ɗan daɗe a wurin fiye da yadda aikin ke buƙata, numfashin mai ɗaurawa yana motsa gefen lilin. Babu tsiraici a fim ɗin ko kaɗan. Mace ce take rufe wadda take so, hawa bayan hawa, da hannunta.

Wankin zaren da hannu muka yi, a tankin Lomo na zamanin Tarayyar Sobiyet. Yana ɗaukar ƙafa 50 hawa biyu, don haka kowane naɗi sai an raba shi biyu cikin duhu, kuma duk hoton da almakashi ya faɗa a kansa ya tafi. Dabarar ita ce a tsakiyar naɗi, idan ma'aunin kyamara ya nuna ƙafa 48, a rufe gilashi a bar ta ta ci ƙafa huɗu a banza. Ruwan da tankin ke sha kusan lita 2 ne, kuma kowane ruwa, har na ɗauraya, a digiri 20. Maganin farko D-19 ne da muke haɗawa da kanmu, da ƙarin giram 2 na tayosayanet a kowace lita, minti 6, ko minti 8 ga naɗin ɗakin kwana don a ƙara musu haske. In babu tayosayanet ɗin, farin lilin kan fito da dauɗa-dauɗa. Sai ɗauraya, sai maganin da ke cinye azurfar da ta yi baƙi: giram 2 na fotasiyam famanganet a rabin lita, mililita 10 na asid ɗin salfa a wani rabin, a haɗa su sai an zo zubawa, don ba ya jimawa yake lalacewa. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, da safar hannu da tabarau, taga a buɗe. Minti 5. Daga nan giram 25 na sodiyam metabaisalfait a lita, minti 2, ya share jan tabon. Sai a buɗe tanki a haska zaren da ƙwai mai wat 100, sama da ƙasa, a mayar da shi maganin farko karo na biyu, a kafe hoton, a ɗauraye minti 20, ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa, don ruwan famfon yankin mai farar ƙasa ne yana barin tabo.

Famanganet na tausasa fatar zare, wato shimfiɗar da ke ɗauke da hoton. Wani naɗi da ruwan ɗaurayarsa ya fi sauran ɗumi da 'yan digiri, fatar ta tattare, a wasu wuraren ta saɓule daga gefe. Wasu na amfani da daikromet don kauce wa haka, amma guba ce mai haddasa kansa, zubar da ita ma sai an kai wurin da aka tanada. Wata matsalar kuma, in zare ya tsallake layinsa a cikin tanki ya manne da maƙwabcinsa, magani ba ya shiga wurin, sai a sami tabo mai siffar gajimare. Masu fim na gwaji suna son irin waɗannan tabo har abin ya zama yayi. Mu guda ɗaya muka bari, inda fatar ta yage a kan fuskar sista ta uku. Sauran mun zubar, don tabon da bai faɗi komai ba ƙazanta ce kawai.

Tun da zaren da ya fito daga kyamara shi kaɗai ne, ba a ɗora shi a majigi ko sau ɗaya, kowane ƙarce na har abada ne. An kwafe shi zuwa kwamfuta, a can muka tace. Tsarin ya bi lokutan addu'a na yini, daga ta asuba zuwa ta dare, kowane kashi ya buɗe da baƙin allo mai ɗauke da layi ɗaya na doka. Bayan an gama, sai aka koma kan zaren asali ana bin lambobin da ke gefensa, waɗanda ke zuwa duk bayan firam 20. Hotunan ana jera su a faifai biyu, na ɗaya a wannan, na biyu a wancan, ana cike gurbi da baƙin zare, don kada mahaɗa ta fito a allo. Kowace mahaɗar gam tana cin firam, saboda haka duk inda aka raba hoto ɗaya gida biyu sai an bar aƙalla firam biyu a tsakani tun a kwamfuta. Wanda ya manta da wannan sai a teburin yanka zai gane, lokacin ba gyara.

Bolex na da ƙara, gudunta kuma ba ya tsayawa daidai, don haka ba a ɗaukar sauti tare da hoto. Daga baya muka koma ginin da dare muka naɗi ƙarar ɗakunan su kaɗai, sannan takun takalmi a dutse, kaɗawar carbi, ƙarar lilin mai sitati idan an juya wuya, da ƙararrawa. Waƙar Salve Regina, wadda ake rufe addu'ar dare da ita, tsohuwa ce ba ta da mai ita, amma kowane faifan da aka naɗa yana da mai shi, sai muka sa mata huɗu suka rera mana a barandar. Sautin kwafin majigi layi ne na haske a gefen zare, hanya ɗaya, yana gaban hotonsa da firam 26. Ba ya ɗaukar siririn sauti da ya haura bugu 6,000 zuwa 7,000 a daƙiƙa, kuma yana da tasa shuuu da ba ta ɗaukewa. Haɗin farko da ya yi daɗi a kwamfuta, a zare numfashi da motsin lilin duk sun nutse. Sai da aka ɗaga ƙananan sautuka sosai, aka danne ƙararrawa, aka sauko da ƙarar lilin zuwa tsaka-tsaki ta hanyar murza ƙyalle mai kauri dab da makirufo.

Ɗakin wankin finafinai ya fitar da nagatif daga faifan biyu, daga shi aka buga kwafin nunawa. Kowane kwafi yana ƙara wa baƙi baƙi, don haka kwafin farko ya cinye sista ta uku a hotunan dare, aka koma aka ƙara wa waɗannan hotunan haske ɗaya bayan ɗaya. Zaren asali yana cikin gwangwani a wuri mai sanyi marar laima, don irinsa in ya sha zafi da danshi yakan fara warin tsami ya ruɓe.

Wurin nunawa ma sai an yi tunani. A Birtaniya hukumar tace finafinai ta hana wani gajeren fim na Nigel Wingrove a kan Teresa ta Avila takardar izini a 1989 bisa dokar saɓo, kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta goyi bayan hanin a 1996, kuma bai fito ba sai 2012, bayan an soke dokar a 2008. A Najeriya dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 kan nuna soyayyar jinsi ɗaya a bainar jama'a, kai tsaye ko a kaikaice, don haka ba mu aika shi can ba, ba mu kuma sake shi a intanet ba. Yana zagaya bukukuwan finafinan gwaji da ƙananan silima na Turai da har yanzu ke da majigin 16. Tare da gwangwanin akwai takarda ga mai majigi: gudu 24, allo huɗu bisa uku, a saita gani a kan ƙwayoyin zaren, wato ƙananan ɗige-ɗigen da suka haɗu suka zama hoto, tun a baƙin allon farko, a saita ƙarfin sauti a kan ƙararrawa kada a sake taɓa shi. Inda babu majigi muna ba da kwafin kwamfuta mai nauyi sosai, don idan aka matse fayil ɗin ƙwayoyin zaren kan narke, duhun ɗakin kwana ya farfashe ya zama dabbare-dabbare.